Ɗigo Ɗaya, Ma'ana Biyu: Sharhi a kan Alamta Wayoyin Lantarki a Kantunan Ƙasar Arewa

Duk wanda ya sauka daga babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni, ya bar Dogon Dutsi a bayansa, ya miƙa arewa ta Matankari har Allah ya kai shi Dogon Kiriya, in dai ya san ƙasar Arewa tun zamanin da aci-balbal da fitilar ƙwai suke sarautar dare, ba zai rasa lura da cewa wutar lantarki ta shigo cikin sana'ar mutane ta ƙofofi da yawa ba: ga faifan hasken rana a kan rufin kwano, ga gurup, wato janareta, yana ruri a bayan shago, ga firigon mai ƙanƙara, ga tebur cike da wayoyin hannu ana yi musu caji, ga ɗakin shan magani inda ake ajiye allurar rigakafi cikin sanyi. Wannan ni'ima ce wadda ya wajaba a gode wa Allah a kanta. Amma in mutum ya nemi izinin mai kanti ya buɗe ɗan akwatin nan da ke manne a bango, wanda masu sana'ar suke kira tablo, inda wuta take rarrabuwa zuwa sassan gini, galibi abin da zai tarar shi ne jerin makatsai shida ko takwas, kamanninsu ɗaya kamar an tsaga kara, babu rubutu, babu lamba, babu abin da zai gaya masa wanne ne na fitilu, wanne ne na firigo, wanne ne kuma yake kashe ginin baki ɗaya. In ka tambayi mai kanti sai ya ce yaron da ya ja wayar shi ya sani. In ka nemi yaron sai a ce maka ya tafi ci-rani Legas ko Abijan, sai damina in Allah ya kai mu.

Mas'alar da nake nufin in tsaya a kanta ke nan, ko da yake na san wasu za su ga ta yi ƙanƙanta da a ɓata mata tawada alhali ƙasa tana fama da abin da ya fi ta nauyi, na tsaro da na cimaka. Uzurina shi ne, ita wutar lantarki, saɓanin wutar kara da ta itace, ba ta da hayaƙi, ba ta da harshe, ba ta da ƙauri, waya mai kisa da matacciyar waya duk ɗaya ne ga ido. Saboda haka duk abin da ɗan Adam zai sani game da ita kafin ya kai hannu, daga alama zai san shi, ko launin rigar wayar, ko lambar da aka rataya mata, ko rubutun da aka bari a bango. Inda babu alama kuwa sai zato, kuma mai hankali ba ya jingina ransa ga zato.

Kafin a shiga wurin saɓani ya kamata a san abin da ake alamtawa. Wutar da kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, yake rabawa takan zo ƙananan shaguna da ƙarfin bolt 220 ta wayoyi biyu: ɗaya mai ɗauke da wuta, ma'aikata suna ce mata faz, ɗaya kuma ta komawa, ana ce mata netir. Akwai ta uku wadda ba ta aiki sai ranar musiba, wato wayar ƙasa, ter, da ake ɗaurawa a jikin ƙarfen na'ura a kai ta ga sandar da aka kafa cikin ƙasa, domin in wuta ta ɓalle ta bi ta nan maimakon ta bi ta jikin mutum. Manyan injuna, irin na niƙa mai aiki da lantarki da famfon rijiyar burtsatse, sukan ci faz uku, tsakanin kowace biyu akwai bolt 380. Daga kontar, wato mita, wuta takan shiga tablo, a can ta rabu reshe-reshe, kowane reshe da makatsinsa, wato dijontar, wanda yake faɗuwa da kansa in kaya ya yi masa yawa ko wayoyi suka haɗu. Rubutun da ke goshinsa, kamar C16, ma'anarsa amfiya 16 ce iyakar abin da zai ɗauka a dawwame, harafin C kuma yana nuna ba zai katse nan take ba sai wutar ta ninka wannan adadi sau 5 zuwa 10, shi ya sa yake jure fizgar da firigo ke yi lokacin tashi. To, kamfanin da ya ƙera shi ya sauke nauyin da ke kansa, ya bayyana iyakar ƙarfin kayansa. Abin da ba shi da ikon faɗi shi ne inda wayar ta nufa bayan ta fita daga akwatin, wannan sai wanda ya ja ta.

Alama ta farko ita ce launi, a nan kuma babban ruɗanin yake. Duk wanda ya yi karatun allo a ƙasar nan ya san cewa a rubutunmu na Magariba harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare shi a sama. Ranar da almajiri ya fara buɗe littafi bugun Misira sai ya tarar ɗigo ɗaya a sama fa ne, ƙaf kuma ɗigo biyu ne. Ɗigon bai sake ba, mazauninsa bai sake ba, amma ma'anarsa ta juya, wanda kuwa bai san isɗilahin littafin da ke hannunsa ba zai karanta kalma ya fitar da wata dabam, abin da malamai ke kira tas'hifi. Kowane ɗaya daga rubutun biyu sahihi ne a gidansa, haɗarin yana kan wanda ya tsaya a inda suka gamu. Ƙasar Arewa kuwa, a sha'anin wayar lantarki, daidai wannan magama Allah ya ajiye ta.

Ga bayanin haka. Nijar ta gaji ƙa'idar Faransa, wadda take cikin kundin NF C 15-100, shi kuma yana tafiya da ittifaƙin hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, da aka kafa a Landan a 1906. A wannan mazhaba shuɗi na netir ne. Kore mai ratsin rawaya na wayar ƙasa ne kaɗai, ba ya halatta a sa shi wani aiki. Faz kuwa takan zama ja, ko ruwan ƙasa, ko baƙi, ko ruwan toka. Najeriya ta gaji tsohuwar ƙa'idar Ingila, inda baƙi shi ne netir, kore wayar ƙasa, faz uku kuma ja da rawaya da shuɗi. Sai mai karatu ya dubi abin da wannan ya haifar: shuɗin da yaron da ya koyi sana'a a Doso ko Yamai zai ɗauka netir, shi ne faz ta uku ga wanda ya koya a Birnin Kebbi ko Sakkwato, baƙin da na Sakkwato yake ɗauka netir kuma faz ne ga na Yamai. Abin bai tsaya nan ba, domin a ƙa'idar ƙasar Sin, wadda kayanta suka cika kasuwanninmu, faz uku rawaya ne da kore da ja, watau koren da tsohuwar ƙa'idar Ingila take nufin aminci da shi, a cikin akwatin injin Sin yana iya zama mai ɗauke da ajali. A Amurka baƙi ne faz, fari ne netir. Kayan hasken rana kuma sun zo da nasu ja da baƙi, masu nufin kan batir biyu, waɗanda babu abin da ya haɗa su da faz da netir sai kama. Bilhasali, ja kaɗai ne kusan kowa ya yi ijma'i a kan a ji tsoronsa, sauran launuka duk akwai ƙauli biyu a kansu ko fiye.

Wannan saɓani da a littafi kawai yake da babu damuwa, amma ga mutumin Arewa a cikin bangon shagonsa yake. Iyakar da Turawa suka shata ta raba Arawa gida biyu, wasu a Dogon Dutsi da Tibiri, wasu a Kangiwa cikin jihar Kebbi, aure yana ƙetarawa, ciniki yana ƙetarawa, almajirin sana'a ma yana ƙetarawa. Ita kanta wutar da yankin Doso da Yamai suka daɗe suna sha daga Najeriya take tahowa, ta layin nan mai bolt 132,000 da ya taso daga Birnin Kebbi tun 1976, asalinta kuwa madatsar Kainji. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga gini guda wanda mai gida ya sayo wayarsa ja da baƙa daga ƙetaren iyaka don ta fi araha, ma'aikaci mai takardar makarantar Faransanci ya ja ta, bayan shekara uku aka ƙara shaguna biyu wani ya zo da waya shuɗiya da ruwan ƙasa ya ɗora, daga baya kuma mai haya ya kafa faifan rana ya zuba nasa ja da baƙi cikin bututu guda. A ce yanzu an kira na huɗu ya jawo wa sabon shago wuta daga akwatin mai faz uku, ya ga ja ya ga shuɗi, ya haɗa su bisa abin da malaminsa ya koya masa, alhali shuɗin nan irin na Najeriya ne. Abin da zai shiga shagon bolt 380 ne, cikin ƙiftawar ido kuma firigo da talabijin da duk wayoyin mutane da ke kan caji sun ƙone, sai a shiga shari'ar wa zai biya. In kuwa faz biyu aka sauya wa wuri a injin niƙa ko famfo, sai ya riƙa juyawa da baya, a yi ta zargin injin alhali lafiyarsa lau.

Yana da fa'ida a dubi yadda Ingila kanta ta yi da wannan mushkila ta auka mata. A 2004 ta yanke shawarar barin tsofaffin launukanta na wayar gini ta koma ga na sauran Turai, ta ba da wa'adin shekara biyu, daga ƙarshen Maris 2006 kuma sabon launi ya zama dole. Masananta sun san sarai cewa miliyoyin gine-gine za su zauna da launi iri biyu, shuɗi da baƙi kuma za su yi musayar ma'ana, sai suka wajabta abu biyu: a manna gargaɗi a jikin tablo cewa ginin nan yana da launi na zamani biyu, a kuma rubuta wa wayoyin faz uku haruffa a inda tsohuwa ta gamu da sabuwa, L1, L2, L3 da N. Hukuncin da na ciro daga nan shi ne, in launuka suka yi jayayya, harafi da lamba su ne alƙali. Ko ba don saɓanin ƙasashe ba ma launi shaida ne mai rauni, domin akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore, a Turai sun kai kimanin namiji 1 cikin 12, yana daga cikin hikimar da ta sa aka yi wa wayar ƙasa ratsi biyu. A wajenmu kuma ga ƙurar hunturu da hayaƙin gurup da rana, waɗanda cikin ƴan shekaru suke mayar da kowace waya launin ƙasa.

To, me ya kamata a rubuta? A ganina asalin abin lamba ce guda wadda za ta bi reshe tun daga tushensa har ƙarshensa. In gini yana da tablo biyu, a kira su T1 da T2. Dijontar na cikin kowanne a jera musu lamba daga hagu zuwa dama. Faz da netir na reshe guda a sa musu zoben lamba iri ɗaya a bakin dijontar, domin netir ɗin da aka rasa na wane reshe ne ya sha halaka ma'aikaci bayan ya tabbata ya kashe wuta. Sa'an nan kowane piriz, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira soket, da kowane makunni, a rubuta masa lambar da ta haife shi, kamar T1-4, ta yadda mai tsaye a gabansa zai san inda zai je ya kashe shi ba tare da ya duhunta wa maƙwabta ba. A cikin murfin akwatin kuma a manna takarda mai fassara lambobin, da ɗan zanen ginin ko da na hannu ne. Ƙa'idar Faransa da ta Ingila, duk da saɓaninsu a launi, sun haɗu a kan wajabcin bayyana kowane reshe a jikin tablo.

Akwai wani kuskure da nake gani ko a wurin masu ƙoƙarin rubutawa, shi ne kiran reshe da sunan mai haya: shagon Alhaji, shagon tela, ɗakin mai kati. Mai haya baƙo ne, yau yana nan gobe ya tashi, tela ya koma wancan lungu mai walda ya gaje shi, rubutun kuwa yana nan yana faɗin labarin bara. Abin da ba ya tashi shi ne wuri da jiha, mu kuwa Allah ya hore mana sanin gabas da yamma tun muna yara saboda alƙibla, har makaho a garin nan ya san kudu da arewa. In aka rubuta shago na 3 daga gabas, fitilu, ko rumfar kudu, piriz, wannan zai zauna daidai muddin ginin yana tsaye.

Abu na biyu da ya kamata takardar ta ƙunsa, wanda na fi ba muhimmanci bayan lamba, shi ne kaurin wayar kowane reshe. Waya mai kaurin 1.5 haƙƙinta dijontar da bai wuce amfiya 16 ba, mai 2.5 kuma amfiya 20, kuma ƙa'idar Faransa ta gidaje ta iyakance piriz 8 ga ta farko, 12 ga ta biyu. Reshe mai amfiya 16 a kan bolt 220 abin da zai ɗauka wat 3,520 ne, dutsen guga biyu da firigo sun kusa cinye shi. Ga kuma wani sirri da mutane da yawa ba su sani ba: irin waɗannan dijontar an auna su ne a kan zafin digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin inuwa yakan haura 40, balle cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin kwano, saboda haka sukan faɗi kafin su kai adadin da ke goshinsu. Mai kanti ya gaji da faɗuwar, sai ya ce a sa masa babba. Wanda aka kira, da yake bai san kaurin wayar da ke binne cikin bango ba, sai ya cire 16 ya sa 32. Daga ranar nan mai gadin ya daina gadi, wayar ce za ta riƙa ɗaukar zafin a ɓoye har ranar da rigarta za ta narke. Layi guda na rubutu, mai cewa reshe na 4 wayarsa 1.5 ce kada a wuce 16, ya isa ya tsayar da hannun mai tsoron Allah. Haka nan tsarin Ingila na zobe, inda piriz da yawa suke kan dijontar mai amfiya 32, ya dogara ne ga ɗan fis da ke cikin kowane kan fulogi mai ƙafa uku, wanda ba ya wuce amfiya 13, tsarin da suka fito da shi a 1947. In aka ja waya bisa wannan tsari sa'an nan aka riƙa cusa fulogi mai ƙafa biyu marar fis, ana danna tsinke a ramin sama don ya buɗe, to an ɗauki rabin mazhaba an bar rabin da ke tsare rai.

Mas'ala ta uku sabuwa ce, ita ce yawan mafarin wuta a gini guda. Tun da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni cikin ƙunci har aka ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, duk mai hali ya fahimci cewa dogaro ga igiya guda wauta ce. A ƙauyukan da layi bai kai ba kuwa dama rana da gurup su ne uwa da uba. Yanzu kanti guda yana iya shan wuta daga wuri uku, ma'anar haka kuwa kashe babban makatsi ba ya nufin wuta ta mutu. Faifan rana ba shi da makunni a sama, muddin akwai haske yana haifar da wuta, in an jera da yawa kuma ƙarfinsu yakan kai ɗaruruwan bolt. Batir ma yana nan da tasa ko da tsakar dare. Gurup da aka haɗa ba tare da makunnin sauya layi ba yana iya tura wuta baya ta hau igiyar kamfani, taransifoma ya ɗaga ta, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana da yaƙinin an kashe layi. Wajibi ne a rubuta a bakin tablo, da manyan baƙaƙe, cewa ginin nan yana da mafari kaza, ga inda ake kashe kowanne. A ofisoshi da asibitocin Faransa sukan sa jan piriz ga reshen da ba ya ɗaukewa, don kada a ɗora masa abin da bai kamata ba. Mu ma muna da bukatar irin wannan a ɗakunan shan magani, inda allurar rigakafi ba ta son ta fita daga tsakanin digiri 2 da 8, kuma mai jinya da ke neman inda zai sa wayarsa caji ba zai san ya zare firigon ƴaƴan gari guda ba sai in an rubuta masa.

Makunnan bango ba su bukatar dogon zance: inda uku ko huɗu suka jeru a rubuta fanka, fitilar ciki, fitilar waje, a kuma daidaita su duka su kunnu ta fuska guda. Alamar I da O da ke jikin na'urori, ta farko kunnawa ce ta biyu kashewa. Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne babban makatsin gini, domin ranar gobara shi ake fara nema, kuma mai nemansa galibi mai gadi ne da tocila cikin dare. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta Sabon Gari a Kano a 2016, ta Sakkwato a 2021. Ko mene ne musabbabin kowace, duk wanda ya taɓa ganin wuta a rumfuna ya san ba a zuba ruwa a inda lantarki yake da rai, kuma mintin da aka ɓata ana laluben makatsi shi ne mintin da wuta take kama rumfa ta gaba. A shafa masa jan fenti, a sa shi inda hannu yake kaiwa, kada a kulle shi cikin shagon da mai shi yake kwana a wata unguwa.

Da wane harshe za a rubuta? Da can amsar a bayyane take, Faransanci, ko da mai kanti da yaransa ba su karanta shi. Amma tun da kundin mulkin Nijar da aka zartar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, babu sauran hujjar jin kunyar rubuta firigo da fanka da kada a taɓa a jikin tablo. Ra'ayina shi ne lamba da haruffan L da N su zauna yadda duniya ta san su, domin ma'aikacin da zai zo gobe yana iya zama Bazabarme ko Bayarabe ko mutumin Togo. Fassarar kuwa a yi ta da abin da mutanen ginin suke karantawa, boko ko ajami, a ƙara da ɗan zanen fitila ko fanka saboda wanda bai yi ko ɗaya ba. A kula kuma da abin da ake rubutu a kansa. Tawadar maka rana takan shanye ta cikin shekara, salatif zafi yakan ɓamɓare shi, takarda kuma rabon gara ce in ba a sa ta cikin leda ba. Fentin mai ya fi daɗewa, abin da ya fi duka kuwa ɗan falle na gwangwani da aka buga wa lamba da ƙusa, a ɗaure shi a wajen murfi, nesa da inda wuta take.

Saura tambayar da ta fi wuya: in abin yana da sauƙi haka, me ya hana a yi? Kuɗi ba hujja ba ne, domin duk abin da na lissafa bai kai farashin dijontar guda ba. Dalilin farko shi ne gaggawa, da ɗabi'ar ganin aiki ya ƙare da zarar fitila ta kama. Na biyu, wanda ba a faɗinsa a fili, wasu masu sana'a suna ɗaukar sanin hanyar waya asirin cin abincinsu, in sun rubuta mai gida zai iya kiran wani. Na uku kuwa akwai wayar da mai ita ba ya so a san inda ta fito. Ban raina tsoron mai sana'a ga abincinsa ba, amma malamanmu na Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa masu sana'a suna lamunin abin da aka ba su, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, saboda maslahar jama'a. In tela yana lamunin yadin da ya ɓata, yaya wanda ya binne wuta cikin bangon mutane ya tafi da saninta a kansa? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙarami ko babba, don kada mantuwa ta haifi husuma, alhali can dukiya ce kawai take cikin haɗari. Magabatanmu masu kwafar littattafai kuma in sun kai ƙarshe sukan rubuta sunansu da ranar gamawa, don in an sami gyara a san wanda za a tambaya, in an sami alheri a san wanda za a yi wa addu'a. Ma'aikacin da ya rubuta sunansa da kwanan wata a ƙasan takardar tablo, shi za a fara nema ranar da za a ƙara gini.

Sai dai akwai sharaɗi wanda in babu shi duk abin da na faɗa yana iya zama sharri. Alamar da ta tsufa, aka sauya waya ba a sauya ta ba, ta fi rashin alama muni, domin inda babu rubutu mutum yakan yi taka-tsantsan, inda akwai kuwa yakan saki jiki, ta zama kamar shaidar zur a gaban alƙali. Don haka duk wanda ya taɓa waya ya gyara takardar kafin ya karɓi ladansa. Don haka ne kuma ƙa'idar aiki ta Faransa ta sa matakai a jere kafin a kai hannu: a raba reshen da wuta, a kulle makatsin don kada wani ya mayar, a tabbatar reshen da ke gaba shi ne wanda aka kashe, sa'an nan a gwada da na'ura a ga babu wuta. Rubutu yana shiryar da kai ga makatsi, na'urar gwaji ce take ba da yaƙini, kuma wutar da ta wuce kashi 30 cikin 1,000 na amfiya guda tana iya rikita bugun zuciya, wanda ya sa ake son kowane reshen piriz ya kasance ƙarƙashin makatsi mai jin yoyon wuta a daidai wannan adadi.

A Faransa akwai hukumar Consuel, da aka kafa a 1964, wadda tun 1972 ba a ba sabon gini wuta sai da takardarta. A Najeriya an ɗora wa hukumar NEMSA irin wannan aiki da dokar 2015. Ba na tsammanin mai duba waya zai riƙa tasowa daga Yamai saboda shago mai ɗaki biyu a Dogon Kiriya, kuma ba sai an jira shi ba. Ma'aikatar magajin gari, wadda take ba da rumfunan kasuwa tana karɓar harajinsu, tana iya sharɗanta takardar tablo kamar yadda take sharɗanta sauran takardu. Cibiyoyin koyon sana'a suna iya ware darasi guda su shimfiɗa wa yara wayar Faransa da ta Najeriya da ta Sin a kan tabarma guda, su ga saɓanin launukan da idonsu. Masu kafa faifan rana a asibitoci da makarantu da rijiyoyi, na gwamnati ko na ƙungiyoyi, kada a sa musu hannu a takardar karɓar aiki sai sun bar bayani da harshen wanda zai kwana da kayan. Mai gida kuma, ranar da za a biya cikon kuɗin aiki, ya tsaya da ma'aikacin a gaban akwatin, a kunna duk fitilu da fankoki, a riƙa kashe dijontar ɗaya bayan ɗaya, yaro yana zagayawa yana faɗin abin da ya mutu, ana rubutawa. Gini mai reshe takwas ba zai ci fiye da tsakanin la'asar da magariba ba.